Ƙanƙarar Safe Taki Ce

Zuwa ga Yangdol, hasken safiyata, ɗumin hannuna a tsakiyar hunturu, furen da ya riga bazara fitowa!

Mutane da yawa sun ɗauka masoyi shi ne wanda ya riƙe hannun masoyiyarsa ya hana ta motsi. Ashe ke ma sun cusa miki wannan ruɗun? Ƙanwarki ta gaya mini kina shirin mayar wa jami'ar nan ta Kanada gurbin da ta ba ki a ƙungiyarta ta hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, wai kada ki tafi ki rasa ni. Yangdol! Wa ya shuka miki wannan ƙaya a zuciya?

Ai na san shi. Kawu Rabgais ne, shugaban kwamitin tafkin da ake wasan a kansa, da 'yan amshin shatansa masu ɗumama kujera. Su da ko jariri ya fi su tsayuwa a kan ƙanƙara, su ne masanan wasa! Tun muna aji ɗaya nake ganinku, ku 'yan mata, kuna jidar ruwa a bokiti da yamma kuna kwarara wa tafkin don ya daskare sumul, yatsunku sun tsage. Gari na wayewa maza su hau abinsu, mai tauri kamar madubi. Ku kuwa sai azahar, bayan rana ta mayar da shi kunu. In kun yi magana, Kawu ya kurɓi shayinsa mai gishiri ya ce, “Haba 'yan nan, ai taushin ya fi muku, in kun faɗi ba za ku yi kuka ba.”

Yanzu da sunanki ya haye duwatsun Ladakh, shi ne na farkon rataya miki farin gyalen girmamawa, har da matse ƙwalla, yana cewa, “'Yarmu ce, mu muka raine ta.” Raino! Da me? Da ragowar ƙanƙara? Yana so ki zauna ki koyar masa da yara, ya riƙa nuna ki ga baƙi kamar kofin da ya ciyo. Da ya ga gyale bai ɗaure ki ba, sai ya ɗauko sunana ya yi igiya da shi. Tir da wannan wayo na ƙaramin mutum!

Kin tuna ranar da na kawo ɗalibaina su kalle ki? Ruwa har idon sawu, ɗan faifan da ake bugawa ma dunduniyar takalmin soja ce kika yanka da wuƙa. Kika keta cikin caɓin nan kamar iskar kwari, kika jefa a raga, kika juyo kina dariya, gashinki na ɗiga. Ranar zuciyata ta faɗi, ba ta sake tashi ba. Ƙafar da ta yi gudu a cikin kunu, me za ta yi a kan madubi? Wayyo, ina son ganin wannan fiye da yadda ƙasa ke son narkewar dusar ƙanƙarar kan dutse!

Zan yi kewarki, ba na ɓoyewa. Zan shiga aji in ga fuskarki a allo, in ji muryarki a kukan kogi. Amma in kika zauna domina, kullum zan dube ki in ga abin da na cinye miki, kuma Kawu ya yi nasara da hannuna. Wannan kam ba zan iya ɗauka ba.

Kada ki ba jami'ar amsa tukuna. Yau da yamma ni da ɗalibaina maza za mu jidi ruwan. Gobe da sassafe, kafin kwamiti ya gama hamma, ki ɗaura takalmanki na wasa ki hau ƙanƙarar safe. Ki zagaya sau ɗaya kawai, ki gwada da ƙafarki, sannan ki dube ni ki ce kin fasa tafiya, in za ki iya.

Naki, a wannan hunturu da duk waɗanda za ki yi a nesa,
Thinles