Shafin shinkafar Alhaji ya hana ni zuwa Diggi

Laraba da dare, Kalgo.

Yau ma ban je Diggi duba Inna ba, ga shi sati uku ke nan tana kwance. Ina shirin tada babur sai Alhaji mai injin shinkafa ya kira daga Gwandu: "Malam Bello, koren nan bai yi ba, a canza launi yanzu." Jiya babban ɗansa ne ya ce a sa koren. Shafin intanet ɗaya nake gina masa, amma iyayen gida huɗu: shi da 'ya'yansa uku!

Laifina ne. Na sha alwashin ba zan karɓi aikin da wani ya fara ya ajiye ba sai na ji dalili. Amma a gaban kawuna ne Alhaji ya yi mini maganar, wajen ɗaurin aure, kunya ta hana ni ƙi.

Ranar da na je karɓar lambar sirrin shafin wurin Nasiru, wanda ya fara aikin, har fura ya saya mini, ya rako ni bakin titi yana ta addu'a. Na ɗauka kirki ne. Ashe kaya ya sauke, ni kuwa na miƙa kai.

Ɗazu Inna ta kira. "Ba komai, yi aikinka," ta ce.

Da zagina ta yi, da na samu barci.