Ka Bar Mini Saman Ƙofa

Sabha, Libiya

Ƙanena Saminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da matata Fadila, da duk mutanen garinmu Babban Mutum. Ni ma lafiya lau, in ban da ɗan ciwon baya, amma kada ka faɗa wa Inna.

Wani direba ɗan garin Mai'aduwa ya kawo mini hoton gidan da kake gina mini. Na ga zanen da ka yi a bangon zaure. Ya ce tun da malamai suka hana zana mai rai, sai ka koma zana babur da buta da rediyo, har masu wucewa na tsayawa kallo. Ya yi kyau, wallahi. Hannunka ya fi nawa yanzu. Amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ai muna yara ni ne mai zane a ɗanyen yumɓu a gidanmu, kai kana riƙe mini kwano. Ga ni nan yau, yaɓe kawai nake yi, sumul, daga safe har magariba. Rannan na ɗan lanƙwasa layi da yatsa a ɗanyen siminti, maigidan da nake wa aiki ya sa na shafe.

Direban ya ce saura saman ƙofa. Don Allah ka bar mini shi haka. Ban san me zan zana ba, ban ma san ko hannun zai yarda ba. In Fadila ta ce wurin ya yi muni, ka ce ni na hana.

Allah ya ƙara maka basira.

Yayanka,
Nu'uman