Jan Gashina da Kujerar Tsofaffi

Malama Seo, ki taimaka mini kafin in bar makaranta. Shekarata ashirin da biyu, ina koyon gashin burodi a Seoul, kullum daga Incheon nake hawo jirgin ƙasa. Ƙafata ta hagu ta roba ce tun da na yi hatsarin babur, kuma doguwar tsayuwa tana kumbura mini dungun. Shi ya sa nake zama a kujerun ƙarshen tarago, na tsofaffi da marasa lafiya. Laifina, na rina gashina ja, ga ɗan kunne. Ashe duk dattawan layinmu likitoci ne. Kallo ɗaya suke yi su gano lafiyata ƙalau, tarbiyya ce kawai babu.

Makon jiya wani baba cikin kayan hawan dutse, kore shar kamar latas, ya tsaya a kaina yana tambayar shekarata nawa, wai ko ina da iyaye a gida. Mutumin da zai hau dutse ya sauko, amma tsayuwar jirgi ta gagare shi! Na naɗe wandona na nuna masa ƙafar robar. Ya yi ta sunkuyawa yana ba ni haƙuri, wata kaka ta cusa mini lemo a hannu tana share hawaye. Gaskiya zagin ya fi mini sauƙi. Tun ranar a tsaye nake tafiya, dungun ya yi miki, na fara fashin aji. Mamata ta ce in mayar da gashin baƙi. In rina, ko in haƙura da karatun?

Mai Jan Gashi, Incheon

Ɗana, sannu da jiki. Na ji daɗi da ka rubuto tun ba ka yanke shawara ba.

Ina kuma taya ka murna, kai ma ka shiga ƙungiyar likitocin jirgi. Daga launin riga ka auna gwiwoyin baba ka sallame shi. Rabin tsofaffinmu da kayan hawan dutsen nan suke zuwa kasuwa, da su suke zuwa asibiti. Ya yi kuskure, ba shakka. Amma ya sunkuya wa sa'an jikansa a gaban jama'a, ka kuwa san nauyin hakan ga mai shekarunsa.

Kujerar taka ce, don irinka aka keɓe ta. Kada ka ƙara naɗe wando, jikinka ba allon talla ba ne. Da ka ga an tsaya a kanka, riga mutum magana, ka ɗan sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ƙafata ta roba ce." Wanda bai gamsu ba ya je ya kai ƙara wajen direba. Gashin kuwa bar shi. Ko baƙi ne za a yi maka, ƙuruciyarka suke gani a kujerar.

Ka je a duba dungun nan cikin makon nan, ka gaya wa malaminku dalilin fashinka. Kallon mutanen da za su sauka a tasha ta gaba bai isa ya raba ka da sana'arka ba. Ranar Litinin ka koma aji, a zaune a kujerarka ta jirgi.

Ina yi maka fatan sauƙi da hannu mai albarka.