Gwiwar Baba Ta Warke, Dokinsa Yana Hannunmu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kafin in yi abin da zan ji kunya.

Autata shekararta tara, tun haihuwa ƙafafunta ba su da ƙarfi. Likitan da ke motsa mata jiki ya ce hawan doki a hankali zai ƙarfafa mata baya da ƙugu. Da muka ji farashin horarren doki, muka san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Sai maigidana ya kawo dabarar sayen dukushi, wai su tashi tare da yarinyar. Shi da ko jaki bai taɓa hawa ba! Ranar da muka je gani, dukushin ya yi tutsu ya watsar da yaron mai shi a gabanmu. Muka dawo gida ba mu saya ba.

A kantin maganin da nake aiki akwai wani tsohon malamin makaranta, kowa Baba yake ce masa, yana zuwa sayen maganin gwiwa. Wata rana na yi masa ƙorafi, sai ya ce yana da doki a barga bayan gari, ya shekara ba a hau shi ba saboda gwiwar nan. Ba zai sayar ba, amma zai ba mu aro, mu riƙa ciyar da shi. Har sirdinsa ya haɗa mana.

Anti, ranar na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba. Dokin nan Dattijo muke ce masa. In Auta ta karkace a kansa, tsayawa yake cak sai ta gyara zama. Yanzu tana hawa matakalar gidanmu ba a riƙe ta ba. Ranar farko da ta yi haka, kicin na shige na yi kukana.

To ga matsalar. Ba mu taɓa tambayar Baba zuwa yaushe ne aron ba. Ta yaya zan dubi sa'an mahaifina, ya yi mini alheri, in ce masa sai yaushe? Maigidana ma cewa ya yi in rufa masa asiri.

Yanzu an yi wa Baba aiki, gwiwa ta warke. Makon jiya ya zo barga ba sanda. Ya shafa Dattijo, ya ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi faɗa kan yawan dusa. Ya ga mun naɗe igiyar likkafa don ƙafar Auta ba ta kai ba, ya ce wannan ganganci ne, ya zaro wuƙa ya yanke rarar, ya huda sababbin ramuka. Da zai tafi ya ce yana son magana da ni. Tun ranar in na hango shi a ƙofar kanti nake shigewa ɗakin ajiya. Allah ya yafe mini, da na gan shi yana takawa garau, gabana ne ya faɗi maimakon in yi masa murna. In ya karɓi dokinsa, me zan ce wa Auta?

Maman Auta

Maman Auta, barka da arziki. Kun tsallake dukushi kun sami tsohon hannu, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Wannan faɗuwar gaban kuwa ba mugunta ba ce, uwa ce ke.

Amma ki fito daga ɗakin ajiya. Dokin Baba ne, in ya ce a dawo masa da shi bai yi laifi ba, kuma wanda ya yi miki wannan alheri bai cancanci ki riƙa ɓuya masa ba. Kunyar da ta hana ki tambaya tun farko ita ce ke hana ki barci yau. Ku je gidansa ke da maigidan, ku fara yi masa barka da samun lafiya. Sannan ku tambaye shi a fili: aron zuwa yaushe, wa zai ɗauki nauyin magani in dokin ya kwanta, kuma in zai karɓa, ya sanar da ku da wuri don ku shirya yarinyar. Ita ma Auta ki gaya mata tun yanzu cewa Dattijo na Baba ne. Yara sun fi mu iya ɗaukar gaskiya in an faɗa musu da wuri.

Sai dai ki sake karanta wasiƙarki. Naɗaɗɗiyar igiya ana warware ta, yankakkiya kuwa ba ta komawa. Mutumin da ke shirin sake hawa dokinsa ba zai yanke igiyar likkafarsa daidai ƙafar 'yar shekara tara ba. Ban san gaibu ba, amma ina zaton kewar dokinsa yake yi, yana kuma jin nauyin ya ce ku bar shi ya riƙa zuwa. Kina jin kunyarsa, yana jin taki.

Ranar hawa ta gaba, ku biya ku ɗauko shi, ku miƙa masa ragama ya ja jikarsa da kansa. Allah ya ƙara wa Auta ƙarfi, ya bar wa Baba gwiwarsa, ya ja kwanan Dattijo.