Mijina Ba Tsere Yake Yi Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Dattawa mai kula da zirga-zirgar bakin titi, Potiskum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Hajara, malamar firamare ce ni a nan cikin gari. Ni ce matar marigayi Malam Gimba, malamin dabbobin da mota ta take a hanyar Danchuwa a ƙarshen daminar da ta wuce. Kwanan nan na fita takaba. Duk watannin da na yi a ɗaki, maganar da ka yi a kan mijina tana shigowa har inda nake zaune, ba ni da ikon fita in amsa. Na aika ƙanensa gidanka aka ce kana hutawa. Ya koma, aka ce ka tafi Fika. To, tunda a bainar jama'a ka yi magana, ni ma a bainar jama'a zan ba ka amsa. Ka gafarce ni idan harshena ya yi kaifi. Ban saba ɗaga murya gaban manya ba.

Na ɗaya. Ka san Malam Gimba, ba sai an kwatanta maka shi ba. Mutum ne da ya haura hamsin, ga furfura, ga ciwon gwiwa da ba ya barinsa ya daɗe a sujada. Yana da babur. Da wahalar man fetur ɗin nan ta yi tsanani, ya gaji da wuni a layi, sai ya jingine babur ɗin a zaure, ya sauko da tsohon kekensa daga rataye, ya sa aka sauya masa taya. Da shi yake zuwa rugage yana yi wa shanu allura. Akwatin magungunansa yakan ɗaure shi a baya da roba, jakar littattafansa a gaba. Idan ya zo hawa, sauka yake yi ya tura. 'Ya'yansa har tsokanarsa suke yi, wai mai tafiya a ƙasa yakan riga shi isa. Wannan mutumin ne ka kira ɗan tsere.

Na biyu. Shi ne ya fara kawo maka ƙara a kan tseren nan, tun ba a zubar da jinin kowa ba. Kowa a garin nan ya san yadda abin yake. Duk Juma'a bayan la'asar samari sukan taru da kekunan haya, su cire laka-gad da kujerar baya don keken ya yi sauƙi, wasu har birki suke kwancewa don a ce su jarumai ne. Su tashi daga bakin tasha, su miƙe hanyar Danchuwa, su juyo. Jama'a a tsaye gefe da gefe ana ihu, masu caca suna zuba kuɗi a kan wanda zai zo na farko. Malam Gimba ya zo ƙofar gidanka ya durƙusa. Bai ce a hana su ba. Cewa ya yi a nema musu fili ko wata hanyar burji da mota ba ta bi, a kuma janye manyan motocin da ke kwana a kafaɗar titi suna jiran lodin shanu, don sun matse hanyar ta zama kamar lungu.

Ya dawo ina zuba masa tuwo, ya faɗa mini amsarka. Ka yi dariya ka ce, “Malam Gimba, kai dai ka cika tsoro. Mu ma mun yi namu a zamaninmu, ga mu nan da ranmu.” Loma kaɗan ya yi ya wanke hannu. A lokacin ban gane abin da ya sa maganar ba ta shige ka ba. Daga baya na gane. Rediyon da ake ba wanda ya ci tseren, ɗanka ne yake saye. Motocin da ke kafaɗar titin kuwa, da yawansu sunanka ne a rubuce jikin ƙofarsu.

Na uku, abin da ya faru ranar. Ba ina wurin ba, amma mutum biyu da suka gani da idonsu sun zo har gida sun gaya mini, kuma a shirye suke su maimaita a gabanka.

Ta farko ita ce Madam Agnes, mai sayar da abinci a bakin hanyar. Ta ce ta ga Malam yana dawowa daga ruga a hankali, a gefensa, har ya ɗaga mata hannu. Da ya iso inda motocin suke jere babu kafaɗar da zai bi, dole ya hau kwalta. Nan masu tseren suka ɓullo ta gabansa, sun cika hanyar a jere, kawunansu a sunkuye. Ya kauce musu. Inda ya kauce kuwa wata babbar mota tana tahowa. Madam Agnes ce ta kwance mayafinta ta rufe shi, ita ce ta tsince kwalaben maganin da suka watse a kan titi ta kawo mini a leda. Ba addininmu ɗaya da ita ba, ba ƙabilarmu ɗaya ba, amma ta yi kuka a tsakar gidana kamar ɗan'uwanta ne.

Na biyun Haruna ne, ɗaya daga cikin masu tseren, mai koyon walda. Shi ma ya karye a hannu a haɗarin. Ya zo da hannun a ɗaure, ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakina, ni ina bayan labule. Ya ce, “Baba, ni ne a gaba. Na gan shi, na nemi birki babu. Don kada ya buge ni ya kauce. Ki yafe mini.” Ba wanda ya tilasta masa zuwa. Iyayensa ma cewa suka yi ya tafi ƙauye ya ɓuya.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka zo ta'aziyya, Alhaji. Ka zauna a kan tabarmar zaurenmu, kusa da babur ɗinsa, ka ce Allah ya jiƙan mutumin kirki. Makiyayan da suka zo daga rugage suna nan, sun ji ka. Ba a yi sadakar bakwai ba ka tsaya a taron kwamiti, da lasifika a hannunka, ka ce 'yan tsere biyu sun yi haɗari, ɗaya ya mutu, kuma duk wanda ya mayar da titi wurin caca shi ya jawo wa kansa. Ba ka ambaci sunansa ba. Ba ka buƙata. Mutum ɗaya ne ya mutu a kan keke a wancan makon.

Ka san yadda magana take yawo a garin nan. Kafin ta kai kasuwa ta zama wai Malam Gimba ya daɗe yana zuba kuɗi a tseren. Kafin ta kai ƙauyen Ngojin ta zama wai bashi ne ya yi masa katutu, shi ya sa ya shiga da tsufansa. Babbar 'yarmu Zainab an riga an sa mata rana. Kawun yaron da zai aure ta ya zo, yana ta kame-kame yana kallon ƙasa, daga ƙarshe ya ce wai suna so su ji gaskiyar abin da ya kashe mahaifinta kafin a ci gaba da magana. Har yau ba su dawo ba. Zainab dai ta kwashe kayan da muka fara tarawa ta mayar ƙarƙashin gado. Mutumin da bai taɓa riƙe karta ba, an kai shi kabari da sunan ɗan caca, don kada a tambayi dalilin da ya sa ya hau tsakiyar kwalta.

Na biyar. Dokar da kuka kafa bayan mutuwarsa, wai don kare masu keke. Kun hana hawan keke a kan babban titi ranar Juma'a da ranar kasuwa, kuka baza 'yan banga. Wa suka kama? Tsohon da ya ɗauko kuɓewa daga Danchuwa, sun sace masa iskar taya ya turo keken a rana. Wanzamin unguwarmu, sun tsare shi yana hanzarin zuwa suna. Abokan aikina malamai yanzu a ƙasa suke takawa. Masu tseren kuwa sun koma hanyar Fika, inda motoci suka fi gudu, kuma rediyon bai fasa fitowa ba. Motocinka ko taku ɗaya ba su matsa ba.

Ina jin gardamar da ake yi a majalisu. Masu mota suna cewa titi nasu ne, keke ya zama tsohon yayi. Wasu na cewa a tara samarin a zane su. Ni na koyar da da yawa daga cikinsu, na san ba shaiɗanu ba ne. Samari ne da jini a jika, babu aiki, babu filin wasa, sai manya da ke tsaye a inuwa suna yin caca da wuyansu. Kuma a wannan zamanin da mai ya gagari talaka, hana shi keke daidai yake da hana shi abinci.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Ka tsaya a inda ka tsaya, da lasifikar da ka riƙe, ka faɗa wa jama'a cewa Malam Gimba daga aiki yake dawowa, ba tsere yake yi ba. Ka ambaci sunansa a wannan karon.

A janye manyan motoci daga kafaɗar titi, a fara da naka.

A soke dokar hana keke, a nema wa samarin nan wurin da za su yi gudunsu babu mota, babu caca, da birki a kekunansu.

A kuma dawo mini da keken mijina. Yana hannun 'yan banga, wai shaida ce. Ko a lanƙwashe yake ina son abina.

Na yafe wa Haruna tun ranar da ya durƙusa. Na yafe wa direban, don an ce ya taka birki iyakar ƙarfinsa. Mutuwa ta Allah ce, kwanan Malam ne ya ƙare, ban yi jayayya da wannan ba. Amma ƙazafi ba Allah ne ya aiko shi ba, daga bakinka ya fito. Kai ban yafe maka ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye motocinka da direbobinka a kan hanya, ya tsare 'ya'yanka daga irin ranar da nawa suka gani. Allah ya ba ka tsawon rai har ka gyara wannan magana a nan duniya, inda gyaranta yake da sauƙi. Idan ba ka yi ba, mai haƙƙin ya riga ka isa inda za a tambaya, kuma a can ba a cewa maigida yana hutawa.

Wassalam.

Malama Hajara,
matar marigayi Malam Gimba,
Potiskum.