Kiɗan Motar Shara

Ponorogo, 9 ga Yuni

Zuwa ga yayata Mbak Sarmi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tsohon da kike jinya. Allah Ya sa ya daina tofar da magani. Ki gaida min matan layinmu na can birnin Tainan, inda muka yi aikatau tare, kaf, har da Darsih mai baki, ki ce na yafe mata lemata.

Na san za ki ce ga waya, me ya kai ni takarda? Idan na buɗe baki kuka ne zai riga ni.

Wata biyu ke nan da dawowata gida, 'yata Ambar ba ta saki jiki da ni ba. Na bar ta tana shekara biyar, yau sha huɗu, har ta ɗara ni tsawo. Za ta sumbaci hannuna da safe, ta ce "Na gode, Ibu," wato Mama, in na zuba mata shinkafa, amma in cikinta ya murɗa ɗakin kakarta take nufa. Wallahi gara ta yi min rashin kunya in san na haifa.

Ranar Asabar aka yi bikin ƙarshen shekara a makarantarsu, aka ce za ta kaɗa piyano. Na ci ado, na kama kujerar gaba. Tana ɗora yatsu, Mbak, sai ga kiɗan motar shararmu! Shi fa, wanda motar nan mai ruwan ɗorawa take sakawa in ta shigo layi. Ke shaida ce, shekara tara ina jin sa in sunkuci ledoji in sauko bene hawa huɗu a guje, don motar ba ta jiran kowa, kuma ba a ajiye shara a ƙasa. Kafin hankalina ya iso ƙafafuna sun miƙe. Na fizge ledar ƙunshin abincin matar da ke kusa da ni, na ce, "Shara!" Da na gane inda nake sai dariya ta ƙwace min, jama'a suka ɗauka.

Ambar ta janye hannunta. Ta dube ni sau ɗaya, ta sauka.

Malaminsu Pak Wiyono ya same ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Ibu, wannan kiɗan wani babban gwani na Turai ne ya tsara shi tun zamanin kakannin kakanni, a manyan zauruka ake kaɗa shi. Wata biyar yarinyar nan tana koyo, ko hutun tara ba ta fita." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yau kwana uku ko "Na gode" ɗin ban samu ba. Ina tsoron na dawo ne kawai don in ƙarasa rasa ta. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Wartini

Ponorogo, 28 ga Yuni

Mbak Sarmi,

Sallama da gaisuwa, ina fatan zafin garin bai gasa ku ba. Saƙonki ya iso. Kin ce in daina ɗaga kai in ba Ambar haƙuri, na bi.

Na same ta tana wanki a bayan gida. Na ba ta haƙuri, sai kuma bakina da ba ya gajiya ya ƙara da cewa, duk kaɗe-kaɗen duniya me ya sa ta zaɓi na shara?

Ta ce, "Ni ina na san na shara ne? Kin taɓa faɗa min?"

Gaskiyarta. Kin san mintuna goman nan da muke tsayuwa a bakin titi muna jiran mota, su kaɗai ne namu, kowa da wayarta a hannu. A nan nake kiran Ambar. Ni kuwa don kunya fuskata kawai nake nuna mata, ban taɓa bari ta ga ledojin ba.

Ta ce, "Kullum in muna magana sai in jiyo shi can nesa. In ya matso sai ki ce, 'Sai gobe, 'yata,' ki kashe. Ko ina tsakiyar labari. Ranar da haƙorina ya fita ma ban gama faɗa miki ba." Ta ci gaba da murza riga ba ta dube ni ba. "Na koya ne don ki ji shi sau ɗaya ki zauna, Ibu. Sai kika tashi."

Mbak, na wanke gawar tsohuwar da na yi jinya ban yi kukan da na yi a gaban bahon wankin nan ba.

Jiya Pak Wiyono ya ara mana ɗan piyanon makaranta, na ɗauko shi a bayan babur. Na shimfiɗa tabarma na zauna a kan hannuwana. Tana farawa gwiwata ta zabura, kin san hali zanen dutse. Ta gani, ta ce, "Ibu, ba mota a garin nan." Har ta ɗan murmusa.

Ashe kiɗan yana da tsakiya! Farkonsa kawai motar take maimaita mana. Akwai wani wuri da yake sakin jiki kamar yara na wasa, da wani da yake yin duhu kamar hadari, sannan ya dawo inda muka sani. Shekara tara ban taɓa jin su ba. Na zauna har ta ɗaga yatsunta, sannan na ce ta ƙarasa min labarin haƙorin. Ta ce ta manta. Wannan kam ya tafi, ba mai dawo min da shi.

Ina kewarku, ina kewar tsayuwarmu a bakin titi, har warin motar nake kewa. Amma ga roƙona. Gobe in kina waya da ɗanki Bagus kika jiyo kiɗan ya matso, ki bar motar ta wuce. Shara ta kwana, ba abin da zai same ta.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Wartini