Kifin Autata Yana Makancewa a Hannuna

Zuwa ga Gwaggo Jamilatu, mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Kafin in faɗi abin da ke tafe da ni, ina gargaɗin duk uwar da ke karanta wannan shafi: kada ki kuskura ki yi wa ɗiyarki wa'azi a kan abin da ba ki taɓa riƙewa da hannunki ba. Ni na yi, ga ni yau da girmana ina rubuta wa jarida wasiƙa a kan kifi. Gwaggo, ki taimake ni. Amma ki yi dariyarki ki gama tukuna, don na san sai kin yi.

Ba za ni faɗi sunana ba, ko da yake ɓoyewar ba ta da wani amfani. A duk Sabon Birni gida ɗaya ne ake ajiye kifi a kwalba ana tambayar yadda ya kwana. Shekaruna hamsin da biyu, na yi sakandare a Isa, 'ya'yana shida. Ni ce matar da maƙwabta ke turo wa yaransu idan sun gagara. Dokokin gidana huɗu ne, kowa ya haddace su: ba ƙarya, ba almubazzaranci, ba wasa da amana, ba ƙazanta. Cikin wata biyu na karya uku, ta huɗun kuwa na cika ta har ta zama masifa.

Autata Ni'imatullahi tana karatun aikin jinya a Sakkwato. Hutun da ya wuce ta dawo mana da wani ɗan kifi a kwalba, wai sunan irinsu beta. Bai kai tsawon yatsana ba, shuɗi kamar sabon rini, yana jan wutsiya kamar mai babbar riga. Ta raɗa masa suna Ango. Mu da muka tashi kusa da gulbi mun san tarwaɗa, mun san ƙarfasa, mun san kifi na miya ne. Mahaifinta, Malam Dalhatu, mai fatauci tsakanin nan da Maraɗi, ya leƙa sau ɗaya ya ce ko kyanwa ba za ta karya kumallo da wannan ba.

Na zuba ido ina kallon yadda take kula da shi, raina yana ɓaci. 'Yan ƙwayoyi uku take jefa masa da safe, uku da maraice, ranar Juma'a ma ba ta ba shi komai. Ruwan ba ta zubar da shi duka, sai ta ɗebi kaɗan ta ƙara kaɗan. Kwalbar kuwa ba ta taɓa ganin sabulu ba. A wurina wannan rowa ce da ƙazanta, a gidana, a gaban idona. Ranar da za ta koma makaranta na zaunar da ita na yi mata wa'azi mai tsawo a kan haƙƙin dabba, da tambayar da ke jiran wanda ya kulle mai rai ya bar shi da yunwa. Na ce ba za ta tafi da shi ba, ta bar mini shi ta ga yadda ake riƙon amana. Ta rubuta yadda ake kula da shi a takarda ta miƙo mini, idonta cike da hawaye. Na ce mata ni da na yaye 'ya'ya shida, na turke raguna sun fi ashirin, ba yarinya ce za ta koya mini ciyarwa ba. Takardar kuwa, daddawa na naɗe da ita.

To, Gwaggo, kiwon ragon layya na yi masa. Abincin da ta bari, wanda ta ce zai kai wata shida, na ƙarar da shi cikin sati uku. Daga nan na koma ga abin da gida ke da shi: garin ƙuli-ƙuli, tsakin gero, gutsuren tuwo. Duk lokacin da aka sauke tukunya a gidan nan, Ango yana da rabo. In baƙuwa ta zo sai in ƙara jefa masa don ta ga yadda yake cafka. Kowace safiya in juye shi a kofi, in dirje kwalbar da sabulu da soso har tana ƙyalli, in cika ta da sabon ruwa. Da bazara ta kankama, mutane na kwana a tsakar gida saboda zafi, sai tausayinsa ya kama ni. Na riƙa ɗebo masa ruwa daga randar da ta fi sanyi. In an sayo ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu mai firjin sola, kafin kowa ya sha sai na gutsura masa tasa. Ina jefawa ina jin lada tana hauhawa.

Da cikinsa ya fara tasowa na ce ƙiba ce. Har hoto na ɗauka in tura wa Ni'ima hujja, Allah ya rufa mini asiri ranar babu sabis. Bayan kwanaki idonsa na dama ya yi fari kamar mai yanar ido, ya ɗan firfito. Yanzu na hagun ma ya soma. In na jefa abinci sai ya kai cafka ya kuskure, ya bugi kwalba da baki, ya sake kaiwa ya sake kuskurewa, har ya haƙura. Abincin ya nutse ya ruɓe a ƙasa. Yini yake a kwance, wani lokaci a karkace, rigar nan tasa a tsuke. Yau kwana huɗu ban ga ya haɗiye komai ba. Ba za ni ɓoye miki ba, ranar Talata na ɗauko tandun kwallina na tsaya a kansa. Abin da ya cece shi kawai, na rasa ta inda ake riƙe kifi a sa masa kwalli.

Amma abin da ke hana ni sukuni ba wannan ba ne kaɗai. Ni'ima tana kira duk Juma'a, kuma daga ta gaishe ni sai ta tambayi Ango. Sau uku ina ce mata lafiyarsa lau. Ta ce in nuna mata shi ta waya, na ce sabis ba kyau, ƙaryar da ba a taɓa kama mutumin garinmu da ita ba. Ni da na taɓa hana yarinyar nan fita sati guda don ta ce ta share ɗaki alhali ƙarƙashin gado bai ga tsintsiya ba.

Malam Dalhatu ya samu abin yi. In ya shigo gida yanzu ba ya tambayar abinci, sai ya ce ina Likita, ya mai jiki, yau tuwo aka rubuta masa ko fura. Amma da ya ga da gaske na rame, sai ya kawo shawara: ya shiga Sakkwato ya nemo wani shuɗin mai kama da shi, mu binne wannan a bayan gida, magana ta mutu. Kin san yadda hanya take a yanzu. Mutum ya ɗauki ransa ya hau ta saboda kifi da kunyar matarsa. Kuma abin takaici, ban ce masa a'a ba. Cewa na yi bari in yi tunani.

Babbar Sallah saura sati uku, ranar jajibiri za ta dawo. Ki faɗa mini, zai rayu? Idon zai buɗe? Yaya ake ciyar da wanda ba ya ganin abinci? Kuma in faɗa mata, ko in bar Malam ya tafi? Ban san da wane baki za ni ƙara ambaton amana a gabanta ba. A yanzu dai na kafa doka ta biyar: daga yau ba a sake shigo da mai rai gidan nan sai wanda za a yanka.

Taki cikin kunya,
Uwar Ango, Sabon Birni

Amsar Gwaggo Jamilatu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi dariyar na gama, ko da yake wurin kwallin sai da na koma baya. Yanzu mu yi aiki.

Zan fara da abin da ke naki. Wa'azin da kika yi gaskiya ne, dabba tana da haƙƙi, kuma babu abin da kika yi wa Ango don mugunta. Matar da ke ba kifi ƙanƙara kafin ta sha ba azzaluma ba ce. Amma Ni'ima ma ba marowaciya ba ce. Abin da kika kira rowa da ƙazanta shi ne daidai kiwon wannan kifi. Na tuntuɓi wanda ya daɗe yana kiwon irinsa, ga abin da za ki yi tun yau.

Ki ajiye sabulu da soso, sauran sabulun da ke maƙale a kwalba guba ne gare shi. Ki samu sabuwar roba mai faɗi wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba, ki zuba ruwa bai fi tsawon tafin hannu ba. Irin wannan kifi yana hawowa sama ya shaƙi iska, marar lafiya kuma ba ya iya doguwar tafiya. Ki rufe da ɗan gidan sauro don kada ya yi tsalle ya fita, ki ajiye a inuwa cikin ɗaki, wuri ɗaya, kada a riƙa ɗagawa. Ba ruwan randa, ba ƙanƙara. Shi ɗan ƙasar zafi ne kamar mu, sanyin farat ɗaya karya masa jiki yake yi. Ki ɗebi ruwa a bokiti mai tsafta ya kwana a ɗakin da yake, don ɗuminsu ya zo ɗaya. Duk bayan kwana biyu ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, ki mayar da na bokitin a hankali. Farin ido da kumburinsa galibi daga ruɓaɓɓen ruwa da wahala suke zuwa, shi ya sa ruwan ne maganin farko. Kada ki ɗiga masa maganin idon mutane.

Batun ci, kada kwana huɗun nan su firgita ki, yana iya jure fiye da haka. Ki ƙara masa kwana biyu ba ci cikin ruwa mai kyau ko cikin zai saɓe. Tuwo da gero da ƙuli-ƙuli ba cimarsa ba ne, ƙananan ƙwari yake ci. Kafin abincinsa ya iso daga Sakkwato, ki duba inda ruwa ya kwanta a gida, za ki ga 'yan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil. Ki ɗebi biyu ko uku, ki ɗauraye su, ki sa masa dab da baki, sauran ruwan kuma ki zubar. Ko bai gani ba yana jin motsi. Idan ƙwayoyin sun zo, ki jiƙa ɗaya, ki ɗora a bakin tsinke mai tsafta, ki kawo ta gefen idon da ke ɗan gani. Kullum a kusurwa ɗaya, a lokaci ɗaya, kina ɗan taɓa ruwan kafin ki ba shi, zai gane alamar. Abin da bai ci ba ki tsame nan take.

Ba zan yi miki alkawarin zai rayu ba. Wasu suna farfaɗowa idon ya washe, wasu su rayu da ido ɗaya ko babu, suna ci daga tsinke, wasu kuma an makara. Ransa yana hannun Allah, ke dai ki gyara ruwan.

Malam Dalhatu ya zauna. Kada ya hau hanya don a rufe ƙarya da wata ƙaryar, kuma yarinyar da ta raɗa wa kifi suna za ta gane baƙo kallo ɗaya. Kada ki jira Juma'a, ke ki kira ta yau. Ki ce mata Ango ba shi da lafiya, ke kika jawo, kuma kin ɓoye mata sau uku. Za ta ji zafi, tana da haƙƙin ta ji, kada ki rufe ta da faɗa don kunya. Sannan ki roƙe ta abu uku: ta ba direba abincinsa a tasha, ta tambayo masu sayar da irinsa ko akwai maganin da ya dace, kuma ta sake faɗo miki abin da ke takardar nan ki rubuta da hannunki. Kina tsoron ba za ki ƙara iya ambaton amana ba. Ni ina ganin shekara ashirin kina faɗa mata yadda ake yi idan an yi laifi, yau ce rana ta farko da za ta gani da idonta.

Allah ya ba Ango lafiya, ya kawo Ni'ima gida lafiya, ya sa ku yi Sallah cikin dariya. Dokarki ta biyar kuwa ki soke ta, don kifi bai yi laifin komai ba. Ki manna takardar a bango sama da robar, ki kafa wannan a madadinta: babu mai jefa wa Ango ko ƙwaya ɗaya sai abin da auta ta rubuta, kuma dokar ta fara aiki daga kan uwargida mai ƙanƙara da kwalli.